Sawun da Ya Bi Jikin Bango

Awakin Liborio Funes ne suka fara kai labari gida. Tun rana ba ta take ba a ranar Juma'ar nan suka shigo garin Santa Rufina su kaɗai, suna kuka, babu mai kora su. Matarsa Doña Zulema na ganinsu ta ajiye wankin da take yi, ta bi hanyar busasshen rafin da ke bayan filin harbi. A can ta same shi kwance a kan gaɓa, farin buhun da yake tsintar ganyen magani a ciki yana rataye a kafaɗarsa, da ɗan rami a bayan kunnensa wanda ko ƙaramin yatsa ba zai shiga ba.

Kafin a ɗauke gawar gari ya riga ya yanke hukunci. Filin na kulob ɗin masu wasan harbi da ƙaramar bindiga ne, ba a buɗe shi sai Asabar da Lahadi, kuma mutum uku ne ke da makulli: shugaban kulob Fabián Orozco, da tsohon malamin harbi Don Honorio Becerra, da Griselda Pallero, ma'aikaciyar jinya, wadda ba ta daɗe da shiga ba. An ba ta makulli ne don ta riƙa gwaji da safe kafin ta tafi asibiti, saboda in maza suna kallonta hannunta rawa yake yi. An kuwa ji ƙarar babur ɗinta ta wajen a safiyar.

"Mai allura me ya kai ta riƙe bindiga?" in ji mata a shagon burodi. "Ai tun farko sai da muka faɗa."

Sufeton 'yan sanda Maidana ya iso filin. Ya garƙame rumfar harbin da sarƙa har mai ɗaukar hoto ya iso daga birni, sannan ya aika a kira masa Ceferino Aballay.

Ceferino mai bin sawu ne. Tun yana saurayi yake nemo wa masu garke shanun da aka sace, yana nemo wa 'yan sanda mutanen da suka ɓata a kan duwatsu. Shi ma ɗan kulob ɗin ne, rana ɗaya suka shiga da Griselda. Bayan rasuwar matarsa Dominga ya daina fita, ya daina aski, sai zama a ƙofar ɗaki. Don Honorio ne ya je ya fito da shi. Shi ne ya tsaya a matsayin uban 'yarsa a ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna compadre.

"Compadre," ya ce masa a ranar, "ko ka tashi in koya maka harbi, ko in harbe ka a nan kowa ya huta. Wannan zaman naka da kabari duk ɗaya ne."

Ceferino ya bi shi. Bai taɓa iya harbin kirki ba, amma ya so wurin: shirun da ake yi kafin a ja kunama, tsiyar da ake wa wanda ya yi kuskure, da gashin naman da ake ci a gindin bishiya bayan an tashi. A can ya fara dariya bayan mutuwar Dominga.

* * *

Daga inda gawar ta faɗi ya fara. An yi ruwa daren Alhamis, ƙasa ta yi laushi, komai ya zauna a kanta. Ya ga inda Liborio ya hau gaɓa ya tsaya. Ya juya ya dubi filin harbi. Akwai tudun ƙasa da aka tara a bayan allunan saiti don ya tare harsashi, amma gefensa na hagu ya zube tun daminar bara. Ta wannan giɓin yana hango rumfar sarai.

A ƙasan gaɓar kuma ga sawun doki, sabo, mai karkataccen takalmi a ƙafar baya. Ya san dokin, na Orozco ne.

Ya sami Orozco a garkensa yana duba wani maraƙi.

"Ka je rafi da safe, Fabián."

"Na je. Wannan shegen maraƙin na je nema." Orozco ya miƙe yana goge hannu a wando. "Kar ka dube ni haka, Don Ceferino. Na ga Liborio, na ce masa in awakinsa suka sake tsallaka min shinge zan gasa ɗaya. Ya ce in gasa gemuna. Haka muke gaisawa kullum. Da ransa na bar shi."

"Bindigarka fa?"

"Tawa in ta sami kan mutum, ba ɗan rami take bari ba. Daga can mahauta na wuce, ka tambayi duk wanda ka ga dama."

Ceferino ya riga ya san gaskiya yake faɗa. Awakin sun taka sawun dokin a natse suna kiwo, daga baya ne suka watse a guje. Dokin ya tafi tun kafin a yi harbin.

"Tudun nan kuwa da ya zube," ya ce, "ba an ce za a gyara ba?"

Orozco ya mayar da idonsa kan maraƙin. "Tudu bai taɓa harbin kowa ba. Wadda ba ta iya riƙe bindiga ba ita za a tambaya."

* * *

Washegari da safe Griselda na zaune a ɗakin girkinta da kayan aiki a jikinta. An sallamo ta daga asibiti, an ce ta huta tukuna. Wani ya jefi tagar gidan da dutse, ba ta ko share fasasshen gilashin ba.

"Na yi harbi, Don Ceferino, ban ɓoye wa Sufeto ba," ta ce. "Da na gama na cire takardata na taho da ita. Ga ta can. Duk harsashin da na sa a bindiga akwai raminsa a jiki. Sufeto ya ce takarda ba ta faɗin ranar da aka huda ta."

"Da kika cire, kin liƙa wata?"

"A'a. Allunan haka na bar su, ba komai a jiki."

Ta murza yatsunta. "Jiya ban yi barci ba, sai ƙirgawa nake yi ina sakewa. Yanzu ni kaina na fara cewa ko ɗaya ya kuɓuce min ban sani ba. Ni nake wanke wa Liborio gyambon ƙafarsa duk mako. Yana kawo min cuku."

"Me ya sa kika shiga kulob ɗin, 'yata? Ban taɓa tambayarki ba."

"Saboda shiru. A asibiti kowa kirana yake yi, a gida mahaifiyata kirana take yi. In na ɗaga hannu na auna, kaina yakan yi tsit. Can kaɗai nake samun haka." Ta dube shi. "Kai fa?"

"Ni shirun ne ya yi min yawa," ya ce.

* * *

Sai ranar Asabar bayan an binne Liborio aka buɗe rumfar. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa ya bar shi ya shiga shi kaɗai. Ƙasan rumfar rairayi ne, duk yammacin Lahadi ake bin sa da manjagara don a tsince kwanson harsasai, saboda haka duk abin da ke kai na makon nan ne.

Ga sawun Griselda, ƙaramin farin takalmin asibiti. Ta shigo kai tsaye, ta tsaya daidai tana fuskantar allo na tsakiya, ta je ta dawo, ta fita. A kan nata kuma ga wani sawun, na takalmin yadi mai tafin igiya, irin wanda rabin mazan garin ke sawa. Wannan daga baya ya shigo.

Mutumin bai ratsa ta tsakiya ba. Jikin bango ya bi, kuma a kan farar ƙasar bangon akwai layin yatsu da aka ja, daga ƙofa har zuwa teburin harbi. A hanya ya yi karo da bokitin ruwa, ya tsaya, ya kewaye shi. Da ya isa teburin ya yi tsayuwar mutanen da, gefe guda, ƙafa ɗaya gaba, irin ta mai harbi da hannu ɗaya. Tsayuwa ce mai kyau, ba kuskure ko kaɗan. Sai dai ba allo take fuskanta ba.

Ceferino ya sa ƙafafunsa kusa da sawun ya daidaita su, ya ɗaga hannu. Yatsansa ya wuce allunan ta hagu, ya bi ta giɓin tudun, ya sauka a kan gaɓar da Liborio ya tsaya da farin buhunsa.

Ya bi sawun zuwa wajen allunan. Mutumin ya tako a hankali, ya tsaya gaban allo na farko dab da shi, ya matsa na biyu, ya matsa na uku. Laluba su yake yi, yana neman takarda. A gaban na ƙarshe ya daɗe a tsaye har dugadugansa suka nutse. Sannan ya juya ya fita da tafiyar wanda bai san ya yi komai ba.

Ceferino ya tsuguna, ya daɗe bai tashi ba. Ya san wannan dugadugin hagu da ke ɗan jan ƙasa. Sun yi shekara da shekaru suna tafiya tare zuwa coci, zuwa kasuwa, zuwa jana'iza. Abubuwa suka yi ta dawo masa: yadda Don Honorio ya daina harbi tun bara wai kafaɗarsa na ciwo, yadda yake gyara wa ɗalibai tsayuwa da hannu yana shafa kafaɗa da gwiwar hannu, yadda bayan kowane harbi yake cewa, "Je ka karanto min abin da ka samu, in ji ko za ka yi min ƙarya." Kowa ya ɗauka salon koyarwa ne.

"Me ka gani?" Sufeto ya tambaya daga ƙofa.

"Ka tara min masu makulli gobe a nan," in ji Ceferino. "Yau ka bar ni in je in sha shayin mate."

* * *

Don Honorio na zaune a tsakar gida ƙarƙashin inabi, butar ruwan zafi a gefensa. Tun kafin Ceferino ya yi magana ya ce, "Compadre ne. Kai kaɗai ke shigowa gidan mutane kamar kyanwa."

Ya ɗauki ɗan ƙoƙon mate zai zuba ruwa. Ceferino ya lura da yadda ya fara sa babban yatsa a bakin ƙoƙon, ya kawo bakin butar ya taɓa yatsan, sannan ya zuba. Duk da haka ruwan ya ɗiga masa a hannu. Bai ko motsa ba.

Suka sha, ƙoƙon na zuwa yana dawowa.

"Tun yaushe?" Ceferino ya tambaya.

Tsohon bai yi kamar bai gane ba. "Tun bara. Da farko hazo ne a gefe. Ranar Laraba na je wurin likita a birni, ina tsammanin yanar ido ce za a kankare. Ya ce jijiyar ce ke mutuwa, ba abin da za a yi. Yanzu fari da baƙi nake bambantawa, shi ke nan."

"Ka yi min ƙarya, compadre. Kullum muna tare."

"Kana cikin naka baƙin cikin. Kuma in an sani, wa zai bar makaho ya koyar da harbi? Ba ni da wani wurin zuwa in ba can ba." Ya ajiye ƙoƙon a ƙasa yana laluba wuri. "So nake in harba sau ɗaya kawai, in yi ban kwana. Na ji babur ɗin yarinyar ya tafi, na ce ta bar takardarta. Na ga fari a gabana, na ce ga ta nan. Hannuna bai yi rawa ba, Ceferino. Na ji daɗin harbin nan. Da na je ban sami takarda ba, sai na ce wata leda ce iska ta ɗauko. Na dawo gida na ci abinci. Ina cikin ci aka shigo aka ce an tsinci Liborio."

"An jefi gidan Griselda da dutse."

Don Honorio ya sunkuyar da kai. "Na ji. Jiya na sa hula zan je wurin Sufeto, na kai ƙofa na dawo. Yau ma haka. Ni da nake koya wa mutane kar su ji tsoron ƙarar bindiga."

"Gobe za a taru a rumfa. Zan faɗi abin da ƙasa ta nuna min. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

"Za ka kira sunana?"

"Ina roƙon Allah kar ka bari ta kai ga haka."

* * *

Ranar Lahadi 'yan kulob suka cika rumfar, wasu mutanen gari suka tsaya a waje suna leƙe. Ba a hura wutar gashi ba. Griselda ta zauna a ƙarshen benci, ba wanda ya zauna kusa da ita. Don Honorio na kan kujerarsa ta kullum, hularsa a kan gwiwa.

Orozco ya riga kowa magana. "Sufeto, mu daina wahalar da kanmu. Ta ce ta yi harbi, ba ta musa ba. Mu dai kuskurenmu ɗaya, da muka ba sabuwar shiga makulli."

"Zauna, Fabián," in ji Sufeto. "Don Ceferino ke da magana."

Ceferino ya miƙe. Bai saba magana a taro ba, ƙasa yake kallo. Ya ce Griselda ta tsaya daidai, ta harbi allonta, ta cire takarda ta tafi. Ya ce dokin Orozco ya bar rafi tun Liborio na da rai. Ya ce bayan Griselda wani ya shigo, ya nuna musu layin yatsun a bango, ya nuna inda aka yi karo da bokiti. Sannan ya je ya tsaya inda mutumin ya tsaya, ya ɗaga hannu, kowa ya bi yatsansa da ido har ta giɓin tudun.

"Wanda ya tsaya nan ya iya harbi fiye da mu duka," ya ce. "Ba kuskure ya yi ba, abin da ya auna shi ya samu. Fari ya gani ya ɗauka takarda ce. Bai san mutum ba ne, don ba ya gani. Da tudun nan na tsaye yadda aka gina shi, da ba abin da zai gani ta can, kuma da harsashin a ƙasa ya tsaya."



"Wane ne?" wani ya tambaya daga baya. "Makaho a kulob ɗin harbi?"

Rumfar ta yi tsit har ana jin kukan kurciya a kan rufi. Ceferino ya ja numfashi zai yi magana, sai kujera ta yi ƙara.

Don Honorio ya miƙe yana dafa teburi. "Ni ne," ya ce. "Ni na kashe Liborio Funes. Bindigar na gidana a cikin akwati, Sufeto, ban goge ta ba." Ya juya fuskarsa wajen benci, amma ya ɗan kauce daga inda take. "Griselda, 'yata, kina ina?"

"Ga ni nan, Don Honorio."

Ya gyara fuskarsa ya bi muryar. "Na ji abin da ake miki, na zauna a gida na yi shiru. Harbin ban san na yi ba. Wannan kuwa ina sane."

Griselda ta rufe fuska da hannuwanta, kafaɗunta na girgiza. Mutanen da ke leƙe daga waje suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Sufeto ya matso ya taɓa hannun tsohon. "Sai mu je ofis, Don Honorio."

"Za mu je. Amma ka bar compadre ya fara kai ni wurin matar."

* * *

Doña Zulema na cikin garke tana tatsar akuya, da baƙin mayafi a kanta. Sufeto ya tsaya a wajen shinge. Ceferino ya shigar da Don Honorio har gabanta, tsohon ya cire hula ya faɗi komai, bai nemi uzuri ba. Tana ji, hannunta bai daina tatsa ba, madarar na sauka a bokiti.

Da ya gama ba shi ta kalla ba. Ceferino ta kalla.

"Don Ceferino, an ce ƙasa ba ta ɓoye maka komai. Ya sha wahala? Ya ja jiki yana nema na?"

"A'a, Doña Zulema. Inda yake tsaye nan ya faɗi. Ko yatsa bai ja a ƙasa ba. Yana kallon awakinsa ne, bai san abin da ya same shi ba."

"Ba don ka kwantar min da hankali kake faɗa ba?"

"Da akwai wani abu da na faɗa miki."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta saki akuyar, ta jawo wata, ta goge ido da gefen mayafinta.

"Da safen nan faɗa muka yi a kan gishiri," ta ce. "Ya fita ban ce masa a dawo lafiya ba."

Don Honorio na tsaye yana juya hularsa, hawaye na bin gemunsa.

"Doña Zulema," ya fara.

"Ba yau ba, Don Honorio. Wataƙila wata rana, amma ba yau ba." Ta sunkuya ta kama hantsar akuyar. "Ka fita da shi, Ceferino. Awakin ba su saba da baƙi ba."

Suka juya. Hanyar garken duk duwatsu ce da ramuka. Don Honorio ya yi taku biyu ya tsaya, ya miƙa hannu cikin iska. Ceferino ya kama hannun ya ɗora a kafaɗarsa.

"Akwai dutse a gabanka, compadre," ya ce. "Ɗaga ƙafa."